Mata 'yan sa-kai a aikin kashe gobara: zai yiwu a ƙauyukanmu?

'Yar Katsina a Jamus: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda hunturu ya kama, labarin gobara ya fara yawa, ina so mu tattauna wani abu da ya daɗe yana cin raina. A nan Jamus, yawancin masu kashe gobara 'yan sa-kai ne, wajen mutum miliyan ɗaya. Birane ɗari da 'yan kai ne kawai ke da ma'aikata masu albashi. Sauran garuruwa da ƙauyuka, mutanen gari ne da kansu: makaniki, manomi, malamar makaranta, mai gidan burodi. Hukumar gari ce ke sayen mota da kaya, su kuma su ba da lokacinsu kyauta. Idan aka buga 112, lambar kiran gaggawa, na'urar da ke aljihun kowa ta yi ƙara, ya ajiye abin da yake yi ya ruga. Kusan ɗaya cikin goma mata ne, kuma suna ƙaruwa. Ni ma ina cikin ta ƙauyen da muke zaune.

Abin da ya sa ake neman mata ido rufe shi ne rana. Maza da yawa suna fita aiki wani gari tun safe, sai yamma. Wuta ta tashi ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wa ke gari? To tambayata, mu a ƙauyukanmu na gida, wa ke gari ƙarfe goma sha ɗaya na safe ranar kasuwa, ko lokacin girbi?

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya saka da niyya. Amma Jamus daban, Malumfashi daban. Mace ta fita tsakar dare cikin maza, ta hau tsani, ta ja tiyo? Wane miji zai yarda? Kuma aikin nan na ƙarfi ne. Allah ya ɗora wa namiji kare iyalinsa, kada mu sauke nauyin mu ɗora wa mata.

Uwargida Mai Biyar: Malam, ai an riga an ɗora mana. Wa ke gaban murhu? Wa ke kunna risho da gas? Wa ke sa turaren wuta a kasko? Duk gobarar da na taɓa gani a unguwarmu, mace ce ta fara ganinta, kuma mace ce ta fara ɗaukar bokiti kafin ihu ya kai zaure. Matsalar ita ce muna yi ba da sani ba. Maƙwabciyata mai ya kama wuta tana suyar ƙosai, ta kwara masa ruwa. Har yau tabon yana fuskarta da ƙirjinta. Da wani ya taɓa gaya mata cewa murfi za ta sa, da ba haka ba.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Bari in sa baki, don aikin da na tsufa a ciki ke nan. Uwargida ta faɗi gaskiya. Wutar ɗaki, a mintunan farko yaro ma zai iya kashe ta. Da ta kama katifar soso da labule da silin, sai mota, motar ma wani lokaci maƙwabta kawai take cetowa. Mu kuma kafin a kira mu, mu samu hanya, mu ratsa lungun da mota ba ta shiga, an wuce wannan lokacin. Wannan a birni ke nan. Ƙauyen da ke da tafiyar awa guda daga tashar mu, ba wuta muke zuwa kashewa ba, toka muke tararwa. Sai jama'a su huce a kanmu da jifa.

Wani abu da mutane ba sa son a faɗa: gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaure. Na sha ganin samari sun yi cirko-cirko a ƙofa, hayaƙi na tashi, suna jiran a nemo maigida ko wani dattijo ya ce bismillah. Addini bai ce a jira ba, kowa ya san lalura, amma al'ada ta riga ta zauna a ƙafar mutum, sai ya yi jim. Wannan jim ɗin rai ne. Mace maƙwabciya ba ta da shi. Ta san gidan, ta san ɗakin da jariri yake kwana, ta san inda tsohuwa take, ta san ta ina ƙofar baya take.

Malamin Zaure: Baba, wannan magana ta shige ni, ban musa ba. Amma ka lura, abin da kake faɗi koyar da mata ne a cikin gidajensu. Wannan ba wanda zai ƙi. Annabi (SAW) da kansa, da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, ya yi gargaɗi cewa wuta maƙiyiya ce, a kashe ta in za a kwanta. Yana cikin Bukhari da Muslim. Abin da Hajiya ta kawo kuwa runduna ce, da kaki da fita. Nan ne nake da ja.

'Yar Katsina a Jamus: Malam, bari in fayyace yadda aikin yake, don ana zaton kowa cikin wuta yake faɗawa. Horon farko a nan wajen awa 70 ne, da yamma da ƙarshen mako. Bayan shi ba a barinka ka shiga ɗakin da ke ci. Masu shiga sai sun yi wani horo na musamman na goya tukunyar iska, likita ya auna zuciya da huhu ya sa hannu, kuma ana maimaita awon. Kayan da mai shiga ke ɗauka sun haura kilo 20. Akwai matan da suka ci wannan gwaji, akwai mazan da suka faɗi. Amma a kowace fita, masu shiga ƙalilan ne. Sauran suna haɗa tiyo, suna kula da injin ruwa, suna tare hanya, suna riƙe rediyo, suna rubuta wa ya shiga da ƙarfe nawa don kada iskarsa ta ƙare a ciki, suna kula da waɗanda aka fito da su. Ni injin ruwa nake riƙewa. Da ɗankwalina nake zuwa, a ƙarƙashin hular kwano akwai wata hular da ba ta cin wuta wadda ke rufe kai da wuya gaba ɗaya. Rigar da wandon kuwa sun fi duk kayan da na mallaka kauri da yalwa.

Batun ƙarfi kuma, Malam, matar da ke ɗauko jarka mai lita 25 daga rijiya ta kai gida a ka, sau da yawa a rana, ba za a ce mata ba ta da ƙarfin riƙe tiyo ba.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari: Ni matsalata ba mata ba ce. Kalmar sa-kai ce ke ɗaga min hankali. A watan Maris na 2016 kasuwarmu ta ƙone, dubban shaguna suka tafi, a tsakiyar Kano, inda akwai tashoshin kwana-kwana. Mutane sun yi iya yinsu da hannu, me ya hana? Ruwa da kayan aiki. Yanzu in muka ce mata su fito su yi kyauta, gwamnati za ta ce alhamdu lillahi, ta naɗe hannu. Mun gani a tsaro, 'yan sa-kai ke mutuwa, iyalansu ba ko sisi. Za mu ƙara wa matan ƙauye aikin da ba biya, bayan daka da ɗiban ruwa da itace da raino? A Jamus Hajiya ta ce hukumar gari ke sayen mota. Wace ƙaramar hukuma ce za ta saya a nan?

'Yar Katsina a Jamus: Alhaji, wannan ƙorafin gaskiya ne, ba zan kauce masa ba. A nan doka ce ta tilasta wa kowace hukumar gari ta tanadi kashe gobara. Idan aka kira ka kana wurin aiki, dole mai aikin ya sake ka, albashinka ba ya raguwa, hukuma ce ke mayar masa da kuɗin. Idan ka ji rauni akwai inshora. Garin da aka rasa 'yan sa-kai ma, doka ta ba da dama a tilasta wa mazauna shiga. Wato sa-kan yana tsaye ne a kan ƙafar gwamnati. Ban ce a kwafo wannan dukansa gobe ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Salamu alaikum. Ba sai an je Turai ba, ku leƙo Gana. A 1983, shekarar fari da yunwa, shekarar da aka koro mutanenmu daga Najeriya, wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci ba iyaka. Iyayenmu har yau da ita suke kwatance. Bayan nan, a 1990, gwamnati ta yi dokar hana wutar daji wadda ta ce a kafa rundunar 'yan sa-kai ta kashe wuta a garuruwa da ƙauyuka, hukumar kashe gobara ta ƙasa tana horar da su. Akwai maza akwai mata. Ba mota gare su ba, adda ce da takalmin roba da ganyen bugun wuta, sai sintiri lokacin rani da share hanyar da wuta ba za ta tsallaka ba. Sun yi amfani ƙwarai. Amma maganar Alhaji ma tana nan: kukansu kullum ba kayan aiki, ba ɗan abin ƙarfafa gwiwa, shi ya sa wasu rundunonin suka watse. Inda sarki da mutanen gari suka riƙe abin, nan ya ɗore.

'Yar Maraɗi: Ni ban iya karanta wannan zance ba tare da hawaye ba. Nuwamba 2021, a nan Maraɗi, azuzuwan zana suka kama wuta, yara ƙanana sama da 20 suka rasu. Watanni kaɗan kafin nan, a Afrilu, an yi irinta a Yamai, yara 20. Ajin zana da iskar hunturu, minti nawa ne? 'Yan kwana-kwana ko a bakin ƙofa suke kwana da wuya su riga ta. Waɗanda ke wurin su ne malamai, yawancinsu mata, da masu sayar da abinci a bakin makaranta, da uwayen da ke gidajen kusa. Ba na ɗora wa kowa laifi, Allah ya san sun yi ƙoƙari. Amma da an taɓa gwada musu ko sau ɗaya: ta ina yara za su fita, wa zai ɗauki ƙanana, ina yashi yake, kada a tara azuzuwa manne da juna. Malam, wannan ba a cikin gida ba ne. Makaranta ce. Idan koyarwar ta tsaya a tsakar gida, wa zai tsaya wa makarantar?

Kuma a arewacin ƙasarmu, wajen makiyaya, duk bayan damina ana share hanyoyin tare wuta a daji, a kankare ciyawa a yi fili mai faɗi mai tsawon kilomitoci don wuta in ta zo ta tsaya. Mata suna cikin masu yi, ana biyansu. Ba wanda ya ce sun zubar da mutunci.

Malamin Zaure: Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri. Mu ma a Ƙaura Namoda an rasa almajirai 17 a Fabrairun 2025, da dare. Ba zan yi gardama a kan gawar yara ba. Amma ki lura, ta Ƙaura da dare ce. Da dare maza suna gida. To me ya sa ba za a ce maza su riƙe dare ba?

Malamar Islamiyya: Allah gafarta Malam, ai ka kawo mafitar da kanka. Maza su riƙe dare da daji, mata su riƙe rana da cikin gida da makaranta. Wa ya ce dole sai an cakuɗa? Tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu akwai 'Yan Taru, malamai mata da ake kira jaji suna shiga ƙauye-ƙauye suna koyar da mata, da izinin malamai, kuma dattawan mata ne da 'yan mata ke tafiyar. A zamaninmu, da aka ga maza ba sa iya shiga gida don rigakafin shan inna, mata aka ɗauka suna bi gida-gida. Hisbar Kano tana da mata. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a Madina tana jinyar masu rauni, Annabi (SAW) ya san da ita. Tsarin yana hannunmu tuntuni. Abin da babu shi ne a sa gobara a ciki.

'Yar Katsina a Jamus: Malama, kin tuna min Japan. Akwai wani ƙaramin tsibiri, Tobishima, inda tun 1910 mata suka kafa ƙungiyar kashe gobara tasu, saboda mazan masunta ne, suna teku. Mata zalla. Yau ma a Japan 'yan sa-kan garuruwa sun ragu sosai, daga wajen miliyan biyu a shekarun 1950 zuwa ƙasa da dubu 800, amma adadin mata a ciki hawa yake yi, kuma yawancin aikinsu zagayawa gidajen tsofaffi da koyar da taimakon gaggawa. Ƙauyen da mazansa suka tafi cirani Legas ko Abuja duk rani, da me ya bambanta da tsibirin masuntan nan?

Nas ta Asibitin Ƙauye: Ni daga ɓangaren da ake kawo su nake magana. Abin da ke ƙona min rai, ƙunar da ta fi muni sau da yawa ba wutar ce ta yi ta ba, abin da aka shafa ne. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, kashin shanu, tawada. Abin da ake so shi ne ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa wajen minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a taho. Kada a ɓamɓare tufar da ta manne. Kuma 'yan'uwa mata, hijabin roba mai santsi da muke girki da shi, in ya kama narkewa yake yi a jikin fata. Wadda tufarta ta kama kada ta gudu, gudu hura ta yake yi. Ta faɗi ƙasa ta yi birgima, a lulluɓe ta da bargo. Mace da yawa takan ƙi yarda namiji ya cire mata tufa ko tana ƙonewa, don kunya. In 'yar'uwarta ce a kanta, ba wannan jinkirin.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Madalla da Nas. In za a fara, ga abin da ni zan koya musu, kuma ba ya buƙatar mota. Wutar mai a tukunya, murfi ko tire, a kashe murhu, kada a ɗaga tukunyar. Wutar lantarki, a sauke babban makunni tukuna, kowace mace ta san inda na gidanta yake, don yawanci maigida kaɗai ya sani. Wutar fetur, yashi. An ji warin gas, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin fitila ko a ƙyasta ashana. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma sama yake tashi, don haka a rarrafa. Hita da aka tsoma a bokitin roba aka ɗauke wuta aka manta, in an dawo da ita tsakar dare, ita ce ke cinye gidaje a hunturu. Kaskon gawayi a ɗaki a rufe, wannan ko wuta ba ta tashi ba, iskarsa kaɗai tana kashe mutane suna barci. Sai tagogin da aka datse da ƙarfe ko'ina ba ko guda mai buɗewa.

Amma ina da sharaɗi guda, kuma ba na sassauta shi ga mace ko namiji: wanda ba shi da kayan numfashi ba ya shiga ɗakin da hayaƙi ya cika. Na ɗauko gawar jarumai da yawa. Ɗan sa-kai na gari aikinsa har da hana mutane. A Majiya ta Jigawa, Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu a wajen tankar man da ta faɗi ta kama wuta. Abin da ake buƙata a wurin ba ruwa ba ne, murya ce da ake jin nauyinta ta ce ku ja baya. Uwa in ta tsaya ta kira ɗanta da sunansa, yana iya juyowa.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari: Na ji, kuma na sauko rabi. Amma ina nan a kan bakata: a rubuta wa ƙaramar hukuma, a sa su cikin maganar tun farko, ko da abin kashe wuta guda biyu da horo ne za su bayar. In aka fara ba su, ba za su taɓa shigowa ba. Kuma a yi asusu. Wadda ta ƙone a aikin jama'a, jama'a su yi jinyarta, kada a bar wa mijinta.

Uwargida Mai Biyar: Asusun mai sauƙi ne, muna da adashi. Abin da ya fi wuya mazan ne. Malam, in kai ka faɗa a masallaci, za su bari. In mu muka faɗa, za a ce mun ga Turawa.

Malamin Zaure: Zan faɗa, da sharuɗɗa uku. Izinin miji ko uba. Mace ta koyar da mata, in kuma Baba ne zai koyar, a yi a makarantar Islamiyya a bainar jama'a. Dare kuma na maza ne, sai dai in gidan maƙwabta ne. Batun kaki da hawa mota har yanzu ban gamsu ba, kuma ba zan ɓoye ba.

'Yar Katsina a Jamus: Malam, ni ina ganin ranar da za a samu mota a ƙauye, wadda ta iya ta hau. Amma motar ba ta zo ba tukuna, sai mu bar wannan gardamar sai ta zo.

Malamar Islamiyya: Ajin matan aure namu Asabar da Lahadi ne bayan la'asar, mata sun fi arba'in. Baba, za ka iya zuwa? Me za mu tanada?

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Zan zo in sha Allahu. A samo tsohuwar tukunya da murfinta, mai kaɗan, bargo, bokiti biyu na yashi, da tukunyar gas wadda ba komai a ciki. A fili za mu yi, nesa da zana. A sanar da mai unguwa tukuna. Kowace mace kuma kafin ta zo, ta tambayi maigidanta inda ake sauke wutar gidan, ta gwada da hannunta.

Nas ta Asibitin Ƙauye: Lahadi ba ni da aiki, zan biyo Baba in yi na ƙuna. Malama, ki ce su zo da 'yan matan da ke musu girki.